Ɓarawon da ke Kwana Cikin Mota: Yadda Ake Gano Cutar Lantarki

Gabatarwa

A kakar shekarar 2023 na je gida Matazu hutun ƙarshen mako. Da sanyin safiyar Asabar na isa gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata, na tarar da shi tsaye a ƙofar gida, ya harɗe hannuwa a baya, yana duban motarsa kamar mai duban majinyaci. Motar a-kori-kura ce, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan da kamfanin ya buɗe masana'antarsa can a 1975. Tun daren Juma'a aka yi mata lodin buhunan masara da waken suya, da nufin a yi sammako a kai su kasuwa Funtua. Direba ya murɗa makulli, aka ji ƙas-ƙas-ƙas, daga nan sai tsit. Samarin unguwa suka taru domin su tura, amma mota mai kaya ba ta turuwa cikin rairayi.

Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, lafiya dai?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana! Wannan shi ne batir na uku cikin shekara guda. Ko dai baturan zamani ba su da albarka, ko kuwa wani ne ya sa mini hannu."

Abin da ke gaban kawu ya wuce kuɗin batura uku. Manomin da ya makara kasuwa yakan sayar yadda dillali ya ga dama. Kuma a 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya addabi hanyoyin Matazu da Musawa da Malumfashi, babu mai son motarsa ta mace masa a daji bayan faɗuwar rana.

Ni ba makaniki ba ne, ilimin halittu nake koyarwa. Amma hanyar da muke bi a ɗakin gwaji, ita ce dai likita ke bi a asibiti, kuma ita ce ƙwararren mai rewaya ke bi a gareji: a lura da alama, a yi hasashen dalili, a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan a yanke hukunci. Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa mai karatu yadda ake bin wannan hanya a kan lantarkin mota, domin sau da yawa idan mota ta ƙi tashi aka ruga sayen sabon batir, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Daga ƙafar kwaɗo zuwa batirin mota

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa tarihin batir ya faro ne daga teburin masanin halittu. Wani likita ɗan Italiya mai suna Luwiji Galbani, malami a Jami'ar Bolonya, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan harba idan aka taɓa jijiyarta da ƙarfe iri biyu. A 1791 ya wallafa bincikensa, yana mai cewa lantarkin daga jikin dabbar yake fitowa. Wani ɗan ƙasarsu, Alesandaro Bolta, ya ƙi yarda, ya ce ƙarafan biyu da danshin da ke tsakaninsu ne ke haifar da shi. Domin ya kafa hujja, a 1800 ya jera faya-fayen ƙarfe iri biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya raba su da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, lantarki kuwa ya gudana ba tare da kwaɗo ba. Wannan shi ne batir na farko, kuma daga sunansa aka samo ma'aunin da muke kira bolt.

Daga baya an gane cewa kowannensu yana da rabon gaskiya. Jijiyoyin jikinmu da lantarki suke aika saƙo, ko da yake ɗan ƙanƙane ne, wajen kashi 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya. Masuntan ƙasar Hausa kuma sun daɗe da sanin minjirya, kifin nan da ke girgiza duk wanda ya kama shi.

Batirin da ke cikin motocinmu na fetur da na dizal, wato mai dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Filante ya ƙirƙiro shi a 1859. Fifikonsa shi ne idan ya ƙare ana iya sake cika shi. A 1912 kuma kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motoci na'urar tayar da inji da lantarki, wadda makanikanmu ke kira kik. Kafin nan sai direba ya tsaya a gaban mota ya juya injin da hannu, aikin da ya karya hannuwa da dama.

Rumbu da gona da hanya

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lantarkin mota ita ce a kwatanta shi da gidan manomi. Batir shi ne rumbu. Ba ya noma komai, ajiya kawai yake yi. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne da faya-fayen dalma tsome cikin ruwan asid, kowanne kuma yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan aka haɗa shidan za a sami bolt 12.6, wanda shi ne awon cikakken batir.

Gona ita ce altaneta, wato ƙaramin janareton da ke maƙale a jikin inji, wanda fambel ke juyawa. Aikinta ya dogara ne a kan abin da Maikel Faradai na Ingila ya gano a 1831, cewa idan maganaɗisu ya yi motsi kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki kan gudana a cikin wayar. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ciyar da fitilu da filogi da rediyo, sa'an nan ta mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙofofi da ake kira dayod, waɗanda ke barin lantarki ya fita zuwa batir amma su hana shi komowa, kamar dai yadda ƙofofin zuciya ke hana jini komawa baya.

Hanya kuwa ita ce wayoyi. Lantarki ba ya tafiya sai ya sami hanyar komawa inda ya fito. Yakan fita ta kan batir mai alamar tarawa, ya ratsa fiyus, ya yi aikinsa, ya komo ta ƙarfen jikin motar zuwa kan batir mai alamar ɗebewa. Wayar da ta haɗa wannan kai da jikin mota ita ce masu rewaya ke kira at. Fiyus kuwa siririn ƙarfe ne da aka yi shi musamman domin ya narke idan lantarki ya wuce ƙima, ya mutu domin waya ta tsira.

Akwai ma'auni biyu da ya kamata a rarrabe. Bolt shi ne ƙarfin turi, amfiya kuwa yawan abin da ke gudana. Yawan ajiyar batir kuma da amfiya da awa ake lissafa shi. Batirin da aka rubuta wa 60 yana iya ba da amfiya 3 har tsawon awa 20.

To idan aka buɗe rumbu aka tarar babu hatsi, ɗayan uku ne: ko gona ba ta ba da amfani ba, ko rumbun ya lalace ba ya riƙe ajiya, ko kuwa akwai mai ɗiba da dare. Akwai kuma na huɗu, wato rumbu cike yake amma hanyar zuwa gare shi ta toshe. Wanda ya sake gina rumbu alhali ɓera ne ke masa ɓarna, baɗi ma sai ya sake ginawa.

Fitilun gargaɗi

Kafin a kai ga awo, ita kanta motar tana da bakin faɗin abin da ke damunta, wato ƙananan fitilun da ke gaban direba. A ilimin halittu muna koyar da cewa zafin ciwo ba abokin gaba ba ne, ɗan aike ne. Cutar kuturta da ciwon suga da ya daɗe sukan kashe jijiyoyin ƙafa, sai mutum ya taka ƙaya bai ji ba, har gyambo ya ci ƙarfinsa. Direban da ya liƙe fitilar gargaɗi da baƙin salatif, ko ya sa aka cire ƙwanta domin kada mai sayen mota ya gani, ya yi wa motarsa irin wannan lahani ne da gangan.

Launin fitila yana da ma'ana. Ja na nufin a tsaya a duba nan take. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, a nemi gareji ba da jimawa ba. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, kamar ta sigina da ta babbar fitila. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilun gargaɗi sukan kama gaba ɗaya, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. Wannan gwajin kansu suke yi. Wadda duk ba ta kama ba a wannan lokaci, ƙwanta ya mutu ko an cire shi.

Jar fitila mai siffar buta tana nufin baƙin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata. Wannan ba a yi mata jinkiri, a kashe inji nan take, domin mintuna kaɗan sun isa ƙarfe ya ci ƙarfe. Mai siffar ma'aunin zafi tana nufin inji ya yi zafi fiye da ƙima. A tsaya, kuma kada a buɗe lagireto sai ya huce.

Fitila mai hoton batir ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba tana cewa batir ya lalace ba ne, tana cewa ne altaneta ba ta caji. A tsofaffin motoci, ƙwan yana tsakanin ɓangare biyu: gefe ɗaya batir, gefe ɗaya altaneta. Idan altaneta tana aiki, turin ɓangarorin biyu ya zo daidai, babu abin da zai ratsa ƙwan, sai ya mutu. Idan ta gaza, turin batir ya rinjaya, sai ya kama. Wani abin lura shi ne, a yawancin irin waɗannan motoci, ɗan lantarkin da ke ratsa ƙwan nan shi ne ke fara farkar da maganaɗisun altaneta. Saboda haka wanda ya cire ƙwan yana iya hana motarsa caji da hannunsa. Idan wannan fitila ta kama ana cikin tafiya, a fara duba fambel, domin a motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon ruwan inji. Idan bai tsinke ba, a kashe rediyo da fanka da duk abin da ba dole ba, a nufi gari mafi kusa, domin daga wannan lokaci abin da ke cikin rumbu kaɗai ake ci.

Motocin da aka ƙera daga baya suna da ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, da fitila mai siffar inji. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa can wata kafa mai huda 16 a kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsala. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. Yawancin motocin hannu da ake shigo da su Nijeriya suna da wannan kafa. Na'urar takan nuna lamba, alal misali P0562, wadda ke nufin ƙarfin lantarkin mota ya yi ƙasa. Sai dai lambar tana nuna inda ciwo ya bayyana ne, ba ta cewa ga kayan da za a canza. Batir mai rauni ko at mai tsatsa kan sa fitilu uku ko huɗu su kama lokaci ɗaya alhali duk na'urorin lafiyarsu lau. Idan fitilar inji ta kama ta tsaya, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan kuwa tana ƙyaftawa, inji na tsallake wuta ke nan, a rage gudu ƙwarai ko a tsaya.

Awo uku da ƙaramar mita

Mu koma Matazu. A motata akwai wata 'yar mita ta awon lantarki, irin wadda ake samu a shagunan kayan wuta, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin batir ba. Muka aika aka kira wani dattijon mai rewaya na garin, muka buɗe bonet tare.

Awon farko shi ne na batir a huce, inji a kashe. Bolt 12.6 cikakke ne. Bolt 12.4 ya rage kamar kashi uku cikin huɗu, 12.2 kamar rabi, 12.0 kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Na kawu ya nuna 11.9. Wannan ya tabbatar da cewa rumbu ya kusa ƙarewa, amma bai faɗi dalili ba. A nan ne akasarin mutane ke yanke hukunci su tafi shago.

Muka jona wayoyi daga batirin motata muka tayar da ita, sa'an nan muka yi awo na biyu, inji yana aiki. Altaneta mai lafiya takan ba da tsakanin bolt 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 ba ta caji yadda ya kamata. Sama da 15 kuma tana dafa batir ne, har ruwansa ya ƙafe. Ta kawu ta nuna 14.1, ko da muka kunna manyan fitilu ba ta faɗi ba. Gona ta kuɓuta daga zargi. Aka sallami direba, ya kama hanyar Funtua a makare, tare da gargaɗin kada ya kashe inji sai ya isa.

Kafin magariba motar ta komo, batir ya sha caji a doguwar tafiya. Muka bar ta ta huta, muka auna, ya nuna 12.5. Sai awo na uku, wanda ake yi a daidai lokacin da ake murɗa makulli. Kik shi ne mafi ci a duk motar, yakan ja fiye da amfiya 100 cikin 'yan daƙiƙu, saboda haka awon kan faɗi. Idan ya faɗi ƙasa da 9.6, batir ya yi rauni. Namu ya tsaya a 10.4. Rumbu ma bai lalace ba tukuna.

A nan ya kamata a ambaci dalili na huɗu, wato toshewar hanya. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kan batir, da sako-sakon noti, da tsatsar wayar at, duk suna tare lantarki. Wani Bajamushe mai suna Jorj Om ya bayyana dokar wannan a 1827: abin da ake hasara na bolt daidai yake da amfiya sau tirjiyar hanya. Tirjiyar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na om ɗaya ba, idan amfiya 150 ta ratsa ta, bolt 1.5 ya tafi a banza. Wannan ne ya sa ake ganin rediyo na aiki, fitila na kamawa, amma kik ya ƙi juyawa. Alamar gane shi ita ce kan batir ya yi ɗumi bayan an murɗa makulli. Namu a tsabtace suke, a ɗaure tamau.

Farautar ɓarawo

Saura zargi ɗaya. Na tambayi kawu yaushe motar ta fi ƙin tashi. Ya ce idan ana fita da ita kullum ba ta da matsala, amma in ta kwana biyu ko uku a ajiye sai an tura. Wannan amsa ta fi duk awon da muka yi nuna hanya, kamar yadda labarin majinyaci kan fi gwajin jini shiryar da likita a wasu lokuta.

Ga yadda ake kama mai ɗiban dare. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A mayar da mita ɓangaren amfiya 10. A cire wayar kan batir mai alamar ɗebewa, a sa mita tsakanin kan batir da wayar, ta yadda duk abin da ke fita dole ya ratsa ta. Kada a kuskura a murɗa makulli a wannan hali, domin mitar za ta ƙone. Mota mai kwamfuta sai an jira ta kamar rabin awa ko fiye, na'urorinta su yi barci. Agogo da ƙwaƙwalwar rediyo suna da ɗan abin da suke ci, amma a bisa ƙa'ida jimlarsa ba ta wuce amfiya 0.05 ba.

Mitarmu ta nuna 0.6, wato ninki goma sha biyu. Ɗalibi ya yi lissafin da kansa. An ajiye motar tun yammacin Laraba har safiyar Asabar, awa 60 ke nan. Amfiya 0.6 sau 60 ya ba da 36, daga cikin 60 da batirin ke iya ɗauka ko da a cike yake.

Sai muka shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, muna duban mita, muna mayar da kowanne kafin mu zare na gaba. Wanda duk aka zare awon ya faɗi, ɓarawo a layinsa yake. Masu laifin da aka saba kamawa su ne ƙwan but ko na cikin mota da ba ya mutuwa, da fitilar birki da makunninta ya maƙale, da cajar waya da aka bari a jone. Muka zare duka, awo bai motsa ba. Direba ya fara murmushi, alamar boko ya gaza.

Amma rashin samu ma sakamako ne. Ya nuna cewa ɓarawon yana bin hanyar da ba ta ratsa akwatin fiyus ba. Irin waɗannan hanyoyi kaɗan ne. Ta farko ita ce altaneta, domin idan dayod ya lalace lantarki kan sulale baya cikin dare. Muka cire babbar wayarta, awo yana nan a 0.6. A nan ne dattijon mai rewaya ya sa yatsa ya shafa kewayen kan batir mai alamar tarawa, ya ce, "Malam, wannan siririyar ba ta kamfani ba ce." Ya bi ta a hankali, ta ratsa wata huda, ta bi ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ta ƙare a bayan kujera. Can muka tarar da na'urar ƙara sautin rediyo da yaron mota ya sa aka ɗaura a wata tasha tun bara. An jona ta kai tsaye da batir, babu fiyus, babu makunni, dare da rana a kunne take. Da muka taɓa ta muka ji ɗumi. Aka cire wayar, mita ta faɗo 0.02.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ɓarawon a gida yake kwana." Dattijon ya nuna masa inda ƙarfe ya fara cin rigar wayar. Da ta ƙarasa gogewa, babu fiyus ɗin da zai narke, wayar ce za ta yi ja ta kama wuta, a motar da ke ɗaukar auduga da harawa.

Me ya kashe batura biyun farko? Duk lokacin da batir ke ba da lantarki, wani farin gishiri na dalma yana taruwa a kan faya-fayensa, caji kuma ya narkar da shi. Idan aka bar batir a ƙare na kwanaki, gishirin ya daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi. Batirin mota an yi shi ne domin ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci a sake cika shi nan da nan, ba domin a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba. Tatsar mako-mako ita ta cinye su.

Rabon yanayinmu

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yanayin ƙasarmu yana da nasa hannu. Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa yawancin sauye-sauyen sinadarai kan ninka saurinsu idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Haka abin yake a cikin batir: zafi yana gaggauta zaizayar faya-fayen dalma da ƙafewar ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Katsina yakan kai digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Da hunturu kuma sanyin asuba yana rage kuzarin batir, ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri. Shi ya sa batir kan mutu da sanyi, amma bazara ce ta yi masa illar.

Ƙurar da ta taru a saman batir, idan ta haɗu da danshin asid, takan zama siririyar hanya tsakanin kawunan biyu. Motar da ke ɗaukar hatsi kuma tana gayyatar ɓeraye, waɗanda haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, dole su riƙa gwaguyar abu, har da rigar waya. Tarakta da ake ajiyewa bayan kaka sai damina, batirinta yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Maganin wannan shi ne a cire wayar ɗebewa, a ajiye shi a inuwa, a kai shi caji kamar sau ɗaya a wata.

Abubuwan kiyayewa

Akwai wasu al'adun gareji da ya kamata a bari. Cire kan batir inji yana aiki domin a gwada altaneta yana iya sa bolt ya yi tsalle ya ƙone kwamfutar mota. Gwada batir da haɗa kawunansa da waya a ga tartsatsi ganganci ne, domin batir yana fitar da iskar haidirojin mai fashewa, asid kuwa ba ya yafe wa ido. Naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fiyus kamar korar mai gadi ne. Idan ruwan batir ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. Ruwan kanwa yana wanke garin da ke kan batir, amma kada ko ɗigo ya shiga ciki. Wajen cirewa a fara da wayar ɗebewa, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.

Mataccen batir kuma ba abin fasawa a tsakar gida ba ne. Dalma guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba ta da ɗanɗano ko wari. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalma. A mayar da tsoho wurin mai sayarwa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Kammalawa

Malamin kimiyya yana iya kawo wannan darasi cikin aji da kuɗi kaɗan. A soka ƙusa mai rufin tutiya da guntun jan ƙarfe a jikin lemon tsami, a auna, za a sami kusan bolt 1. A jera uku ko huɗu, ɗalibai su ga yadda awon ke ƙaruwa kamar ɗakuna shida na batirin mota. Sa'an nan a roƙi mai mota a makaranta ya buɗe bonet, ɗalibai su yi awo ukun nan, su rubuta abin da suka gani kafin a gaya musu ma'anarsa. Gani ya kori ji.

Dattijon mai rewaya ya sake jona na'urar sautin ta bayan makulli, ya sa mata fiyus. Abin da aka kashe bai kai kuɗin tiya biyu ta masara ba. Batirin nan na uku shi ne ya ƙarasa kakar, ya kuma ga ta 2024. Da zan komo bakin aiki na bar wa direban mitar, na rubuta masa lambobi huɗu a bayan kwali: 12.6, 14, 9.6 da 0.05. Kawu ya ce kwalin yana nan maƙale a saman gilashi, kuma yanzu direbobin tasha sukan zo aron mitar kafin su tafi shagon batir.